Furen Ɗaɗɗoyar Inna Tumba

Ranakun aiki da yawa sun shige mini duhu, amma har gobe ban manta da wata Laraba ta ƙarshen damina ba, ranar da na tara matan unguwa a wani gida a nan Kaura Namoda na koya musu yadda ake tsinke furen ɗaɗɗoya. Darasin ya yi kyau, shugabata ta yaba, har hoto aka ɗauka. Amma a duk shekarun da na yi ina malamar gona ban taɓa yin ɓarnar da ta kai ta ranar ba. Tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya kafin in kwashe komatsaina daga ofishin nan, to shi zan ba ku, ko da yake ba shi ne zai ƙara mini girma a idonku ba.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, malamin gona namiji iyakarsa gona da zaure. Cikin gida ba ya shiga, alhali a can ne ake kiwon kaji, ake ajiye iri, ake shuka ’yan ganyen miya a gefen rijiya. Shi ya sa aka buɗe sashen mata. Na fara a matsayin ƙaramar malama a Zurmi, aka mai da ni Shinkafi, daga baya na dawo Kaura a matsayin babbar malama mai kula da sashen. A wancan zamanin kowace malama tana da ƙauyukanta, kuma duk sati biyu sai ta zagaya su. Mukan hau bayan babur tun hantsi, mu ratsa fadama, mu isa gari a shimfiɗa mana tabarma a kawo fura mai sanyi kafin ma a tambaye mu abin da ya kawo mu. Na san matan da ke gane tafiyata tun daga bayan danga. Ku da kuka shigo aikin yanzu ba ku ga wannan ba, kuma wallahi ina jin tausayinku, ina kuma jin kewar abin har cikin raina.

Da hanyoyi suka lalace da rashin tsaro, muka daina zuwa wurin manoma, su suka dawo wurinmu. Gari ya cika da mutanen ƙauye, ɗaki ɗaya mutum bakwai ko takwas, babu gona, babu ko inda za a kafa fartanya. Sai aka ɓullo da shirin lambun buhu. A samu tsohon buhun taki, a cika shi da ƙasa da takin dabbobi da ɗan yashi, a huda gindinsa don kada ruwa ya kwanta, a jingine shi inda rana ke bugawa da safe. Mu ne masu raba iri: alayyafo, kuɓewa, tumatir, sai ɗan fakitin ɗaɗɗoya na kamfani mai hoton ganye a jiki.

Ɗaɗɗoya ba iri ɗaya ba ce, ko da yake a takardar rahotonmu layi ɗaya aka ba ta. Akwai babbar, mai ƙara kamar itace, wadda takan kai ƙugun mutum ta shekara biyu ko uku a wuri, ita ake sawa a farfesu ana kuma dafa wa mai ciwon ciki. Akwai ƙarama mai siririn ganye da ƙamshin lemun tsami, wadda takan fito da kanta a bayan gari da damina. Akwai mai ganye ja-ja da wasu ke shukawa don ado. Sai ta kamfani, mai faɗin ganye da laushi, wadda ni a lokacin nake ji da ita kamar ni na ƙirƙiro ta. Ƙananan duk ƙa'idarsu ɗaya a littafi: da zarar shuka ta kai tsawon taki ɗaya na hannu a tsinke kanta don ta yi rassa, kuma kada a bari ta yi fure. In ta yi fure ganyen zai ƙanƙance ya yi ɗaci, ƙarfinta duk ya koma wurin yin iri, daga nan ta mutu. Wannan ƙa'idar na haddace ta tun ina makaranta, ko daga barci aka tashe ni zan karanto ta.

Gidan da muka zaɓa don gwaji na wani direba ne mai jigila tsakanin Kaura da Shinkafi. Matarsa Hajara mace ce mai tsabta da son aiki, buhunanta guda shida sun fi na kowa kyau. A ɗakin da ke kusurwar gidan akwai gwaggon mijinta, Inna Tumba, wadda ta baro ƙauyensu na ƙasar Zurmi a farkon daminar shekarar. Tsohuwa ce doguwa, ba ta da yawan magana. Ranar da na raba iri na miƙa mata fakitin ɗaɗɗoya, ta jujjuya shi ta dubi hoton, ta mayar mini ta ce tana da tata. Na ce a raina, ga irin tsofaffin nan da ba a koya musu komai. Ban tambaye ta wace iri ce tata ba, ban kuma nemi in gani ba.

Sai takarda ta zo cewa shugabar sashen mata za ta zo daga Gusau duba aiki. Tsarin darasin gani da ido hawa uku ne, kuma a kansu ake auna malama. Da farko ki yi bayani da baki. Na biyu ki nuna da hannunki. Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, kowace mace ta taso ta gwada da nata hannun. Na zaɓi darasin tsinke fure don ba ya cin lokaci kuma yana da ban sha'awa. Abin da rawar kai bai bar ni na lura da shi ba shi ne, ɗaɗɗoyar buhunan Hajara ba ta wuce sati biyar ba, ko alamar fure babu a jikinta.

Ban ankara ba sai da mata suka cika tsakar gida, Hajiya shugaba ta zauna a kujera da littafinta a cinya, na gama bayani na juya zan nuna. Babu fure ko ɗaya. Ina waige-waige sai idona ya kai bayan randar da ke ƙofar ɗakin kusurwa. Ga wata ɗaɗɗoya a tsohuwar tukunyar ƙasa mai fasasshen baki, ƙaranta ja, ganyenta ƙanana, ta cika da kawunan fure tsaye cirko-cirko, na ƙasan har sun fara yin ruwan ƙasa. Na ce Allah ya kawo mini agaji. Na je na sungumo tukunyar na dire ta a tsakiyar taro.

Hajara ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya. "Malama, wagga ta Inna ta. Ta tahi gaisuwar mutuwa, ba ta nan."

"Ai gyara za mu yi mata," na ce. "In ta dawo har godiya za ta yi."

Ta buɗe baki za ta ƙara, ta dubi baƙuwa a kujera, ta koma gefe. Kun san mutanenmu, ba a musu da malama a gaban shugabarta.

Na ɗaga tukunyar na nuna musu yadda sakaci ke lalata shuka, na ce ku dubi yadda ganyen ya tsuke don an bar ta ta yi abin da ta ga dama. Aka yi dariya. Na tsinke kai uku da farce, sannan na kira su ɗaya bayan ɗaya. Mata goma sha wani abu, kowace ta tsinke nata, wasu har biyu don su burge. Kafin a jima tukunyar ta koma kamar kan yaro ranar aski. Da na ga tulin furen a kan faifai sai wata dabara ta ƙara zo mini, don ni in abu ya fara yi mini kyau ban san inda ake tsayawa ba. Na ce kada su riƙa zubarwa, a watsa shi a garwashi da yamma, hayaƙin yana korar sauro. Na sa aka kawo kasko da wuta, na juye faifan duka a ciki. Ƙamshi ya turnuƙe gidan, wani irin ƙamshi da ban taɓa ji a ɗaɗɗoya ba, kamar kanumfari da ɗan lemu a bayansa. Hajiya shugaba ta ce wannan shi ne aiki, ta rubuta wani abu a littafinta, aka raka ta mota.

Bayan la'asar mata sun watse, ina naɗe takarduna, sai ga Inna Tumba ta shigo da sauri, abin da ban taɓa gani ta yi ba. Fuskarta a sake, tana dube-dube kamar mai neman baƙo.

"Tun daga zaure nij ji ƙamshin gidanmu," ta ce. "Nic ce ko wani yaz zaka daga can."

Ta dubi kaskon da ke ta hayaƙi, ta dubi tukunyarta a tsakar gida. Sannan ta cire mayafinta ta rataye, ta durƙusa ta ɗauki tukunyar ta mai da ita bayan randa, ta juya ta yadda take a da.

Ni kuwa, da yake bakina ba ya iya zama, na bi ta ina bayani. Na ce kada ta damu, nan da sati biyu za ta ga ganye ya ninka, haka ilimin abin yake.

"Ɗiyata," ta ce, ba ta ko dube ni ba, "ganye ba ya wuya, ko kasuwa akwai shi. Iri ni ka jira. Kwana goma sunka rage."

A bakin Hajara na ji sauran labarin, muna tsaye a zaure. Ɗaɗɗoyar nan a danginsu Inna Tumba ana ce mata mai jan ƙafa. Kakarta ce ta zo da ita daga wajen iyakar ƙasa lokacin da aka kawo ta aure. Tun daga nan duk ’yar da za a kai ɗakin miji, uwarta takan ƙulle mata busassun kawunan furen a tsumma ta cusa cikin kayan ɗaki, ita kuma ta shuka a bayan randa inda ruwan moɗa ke ɗiga. Da ita suke shayi, da ita ake dafa ruwan wankan mai jego, ita ake sawa a ƙasan akwati. Safiyar da mutanen garin suka yanke shawarar tashi, kowa na ɗaure hatsi da jan awaki, Inna Tumba ta sa wuƙa ta haƙo ɗan tsiro ɗaya da ƙasarsa, ta sa a kwanon sha ta ɗora a saman kayanta. An yi mata dariya a hanya. Tana da ’ya ɗaya da ta rage, Ige, wadda ita ma gudu ya kai ta Shinkafi ba ta fito da ko ƙwaya ba. Duk daminar nan tsohuwar ba ta tsinki ganye ɗaya ta sa a shayi ba, don kada ta rage wa shukar ƙarfi. Iri take tarawa ta aika wa Ige, ta kuma ajiye na komawa gida.

Washegari na sami shugaban sashenmu na noma na gaya masa. Mutumin kirki ne, amma sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi ya ɗauka saniya na kashe. Ya jawo aljihun tebur ya ciro fakiti biyar ya ce in kai mata ta huce. Na ce ranka ya daɗe, irin nata ba a sayar da shi a fakiti. Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba, sai ya ce to me nake so. Na ce a ba ni gefe ɗaya a lambun ofis da izinin ɗiban ruwan rijiya har rani ya fita. Ya ce in ɗauka.

Dabarata ita ce dashe. Ɗaɗɗoya in aka yanki ɗanyen reshe aka cire ganyen ƙasa aka tsoma shi a ruwa, cikin kwana goma yakan fitar da saiwa. Matsalar ita ce Inna Tumba ta hana ni kusantar randar. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. In na gaishe ta takan amsa har ta tambayi yara, amma da na matsa wajen tukunyar sai ta gyara zama ta tare. Kullum in na tashi daga ofis sai na biya. Shukar ta yi ƙoƙari, ta fitar da ’yan tofo a inda aka tsinke, amma ta riga ta tsufa, tukunyar ta yi mata kaɗan, ga sanyi ya fara shigowa. Ganyen ƙasa ya soma rawaya yana zuba. A sati na uku na durƙusa a gabanta na ce, Inna, ni na yi ɓarnar nan, ban da bakin magana, amma in aka bar ta haka tafiya za ta yi. Can ta tashi ta ɗauko reza, ta yanko tofo uku da hannunta, ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ta miƙo mini.

"Ki riƙe amana," ta ce.

Na jera su a kwalabe uku a tagar ofishina. Abokan aiki suka samu abin tsokana, wai Malama ta buɗe asibitin ganye. Kullum sai na canza ruwa, ranar Asabar da Lahadi ma sai na zo. Biyu suka ruɓe. Na ukun, ranar kwana goma sha biyu, ya fitar da wasu fararen saiwoyi kamar zare. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. A satin ne kuma Hajara ta aiko cewa ta tukunya ta bushe ƙurmus. Wato duk abin da ya rage na mai jan ƙafa, a iya saninmu, shi ne abin da ke cikin kwalbar nan.

Na dasa shi a lambun ofis, na kewaye da ƙaya saboda awaki, na yi masa rumfar kara saboda zafin rana. Ya kama, ya yi rassa, ƙaransa ja kamar na uwarsa. Wannan karon ko kallon furen ban yi da niyyar taɓawa ba. Da bazara kawunan suka bushe, na yanke su na murje a tafin hannu na sheƙe, na samu baƙaƙen ƙwayoyi da ba su kai riɗi girma ba, kusan cikin cokalin shayi. Shukar ta gama aikinta ta bushe, ban damu ba, tunda iri na hannu. Na ƙulle shi a sabon ƙyalle na kai wa Inna Tumba ina tafiya kamar wadda ta ci jarrabawa. Ranar ce ta fara yi mini murmushi. Ta raba shi uku: kashi ɗaya na Ige, ɗaya na komawa gida, ɗaya ta ce a shuka da ruwan farko a gani.

Muka shuka a buhu biyu a ƙofar ɗakinta. Ba a binne irin ɗaɗɗoya da zurfi, yayyafa shi ake a rufe da ƙasa kaɗan. Cikin sati suka tsiro. Da suka yi wata ɗaya na fara shan jinin jikina, don ba su yi kama da juna ba. Wasu ganyensu ya yi faɗi, wasu ƙaransu kore shar, wasu ja kaɗan daga ƙasa. Ina tsaye a kansu abin ya faɗo mini. A lambun ofis, taku biyar daga inda na dasa reshen, akwai kwamin ɗaɗɗoyar kamfani da muka bari ta yi fure don mu samu irin rabawa. Duk rani ƙudan zuma na tashi daga wannan su sauka a wancan, ina kallonsu har ina jin daɗi. Sun kwashi garin furen waccan sun kai wa wannan, iri ya gauraya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan. Da masara ce ko dawa, da ban yi kuskuren ba, don mu ne ke hana manoma shuka irin ajiya kusa da wani iri. Tsohon gidan sauro ɗaya da na rufa wa shukar ya isa. Amma a kaina ɗaɗɗoya ba amfanin gona ba ce, ganyen bayan randa ce, ban taɓa kawo ta cikin lissafin abin da ake tsare wa asali ba.

Ban ɓoye mata ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta jawo kujerar tsugunno ta zauna a gaban buhunan. Na ce mata ba lallai duka suka gauraya ba, wataƙila akwai na asali a ciki, kuma hancinta ne kaɗai zai raba. Ta fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ta tsinki ɗan ganye, ta murza, ta kai hanci, ta girgiza kai ta wuce. Masu faɗin ganyen ba ta ɓata lokaci a kansu ba. Ni da Hajara muna tsaye ko motsi ba ma yi. Ta zo kan wata siririya mai jan ƙara har sama, ta murza ta sansana, ta rufe ido. Ta sake tsinka ta sake sansanawa.

"Kamar ita ta," ta ce. Ta daɗe da ganyen a hanci. "Kamar kuma ba ita ba."

Na ce ta ƙara gwadawa a hankali, babu gaggawa.

"Malama, tun da nit tashi ban taɓa sansana ta don in gane ta ba. Tana nan dai, kamar ƙamshin ɗakin mutum. Yanzu da ni ka nemanta, ta ɓace min. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Nan ne ta yi kuka, ba ranar da na ƙone furen ba. Ni ma na zauna a ƙasa na taya ta, da rigar aiki da komai.

Da ta share ido sai ta ce a cire sauran a bar siririyar. Tana cikin gyara mata ƙasa ta gaya mini abin da ban taɓa tunani ba. Ta ce a can gida mai jan ƙafa ba ta jiran a shuka ta. Shekara da shekaru tana zubar da iri a bayan randa da gindin danga, da ruwa ya sauka sau biyu ko uku sai ta fito da kanta, har cirewa ake don ta yi yawa. Ta ce ko ɗakin ya faɗi ƙasar tana nan. In hanya ta buɗe za mu je tare, ni da ita, mu riƙe wannan a hannu mu gwada da waccan, a nan za a san gaskiya. Na yi mata alkawari.

Siririyar tana nan har yau. Inna ta yanko mini reshenta na dasa, ita ce kuke gani a bayan ofis cikin gidan sauro kuna tambaya ko zazzaɓi take yi. Ban ƙara dogara da iri kaɗai ba, duk shekara sai na yanki reshe na dasa kafin uwar ta tsufa, kuma na kai wa Ige biyu a Shinkafi. Ige ta ce ita ma kamar ita ce, amma ta daɗe rabonta da ƙamshin, ba za ta rantse ba. In na tafi zan ɗauki tukunya ɗaya in bar muku ɗaya, don Allah kada a cire mata rufi in ta yi fure.

Abin da na koya ba wai littafi ya yi ƙarya ba. Har gobe in kina son ganye, tsinke fure za ki yi. Amma littafi bai san abin da mai shuka take nema ba, kuma ni ban tambaya ba. Mu malaman gona an horar da mu mu shiga gida da amsa a baki, mutanenmu kuma suna da kunyar da za su bar ki ki yi musu ɓarna da hannunsu don kada su kunyata ki a gaban baƙo. Saboda haka in kun shiga gida kun ga shuka a fasasshiyar tukunya, kafin ku miƙa hannu ku tambaya ta wace ce, daga ina ta zo, me ake jira a jikinta. In kuma wata ta matso ta yi ƙasa da murya, ku tsaya ku ji ta har ƙarshe, ko wane ne ke zaune a kujera.

Inna Tumba tana Shinkafi yanzu wurin Ige, ƙafa ta fara gagararta. Hanyar garinsu har yau ba mai bi. Duk farkon damina mijin Hajara yakan tsaya da motarsa a ƙofar ofishin nan ya aiko a kira ni, kuma saƙon bai taɓa canzawa ba. Bana ma ya kawo shi, satin da ya wuce, bayan ruwa na uku.

"Inna ta ce in hwaɗa maki, yanzu ta isa tsirowa can gida."

Na ce ya gaya mata na ji, ina nan ina jira.